Kafin A Miƙa Masa Makulli

Ranar da aka sanar da ɗaukar sababbin ma'aikatan gidan yari, yayarmu ta shigo gidan gado tun masu koko ba su sauke tukunya ba. Ta durƙusa ta gaishe da Baffa, ta zauna a gefen tabarma, ta kwance bakin mayafinta ta fito da kuɗin adashin da ta kwasa. Ɗanta na fari ne zai nema, wanda ko sunansa ba ta iya kamawa, sai dai ta ce "yaron nan". Abu biyu take so daga gare mu, mu ƙannenta maza: mu rubuta masa takardar shaidar kyawun hali mu sa hannu, sannan mu raka shi wurin wani babban mutum mai faɗa a ji, ko Allah zai sa a jefa sunansa cikin jerin da mutanen ƙasar nan suke kira furotokol.

Babu abin mamaki a buƙatar tata. Duk wanda ya tashi a zango, a Aboabo ne ko Asawase, ko Nima da Mamobi a Ankara, ya san darajar kaki a idon uwa. Kaki albashi ne da ba ya jiran kasuwa ta yi kyau, fansho ne na tsufa, kuma da shi ake shiga gidan surukai kai a ɗage. Shekara 4 ke nan da yaron ya gama sakandare. Takardarsa ta WASSCE tana cikin leda a ƙarƙashin katifa, shi kuwa yana kan titi yana tuƙa pragyar wani, da dare ya kai wa mai ita kuɗin yini. Duk kuma mun ji abin da ya faru a filin El-Wak a watan Nuwamban 2025, inda turmutsitsin masu neman aikin soja ya ci rayukan 'yan mata 6. Wanda ya ji wannan ba zai yi wa uwa dariya ba don ta nema wa ɗanta ƙofar baya.

Sai dai maimakon mu ce to, shiru muka yi, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa. Mun san yaron tun ranar sunansa. Yana da kyauta, ba ya ɗauke-ɗauke, ba ya shaye-shaye, kuma shi yake kai wa uwarsa kayan sana'a kasuwa kullum da asuba. Amma zuciyarsa a kusa take. Shekara 2 da suka wuce ya karya hannun ƙanensa a kan cajar waya. Bara sai da dattawan unguwa suka shiga tsakaninsa da wani fasinja da ya shaƙe wa wuya saboda sidi 2. Kowane karo, in zuciyar ta sauka, yakan zauna ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ya rantse ba zai sake ba. Mun yarda da kukan, domin ba na ƙarya ba ne. Amma mun ga ya sake.

Baffa ƙanen mahaifinmu ne, kuma ya shekara 31 yana aikin gandiroba kafin ya yi ritaya. Yana jin duk abin da ake faɗa bai ce uffan ba, sai da yaron ya shigo. Ya yafito shi da hannu ya ce, "Abokina, zo nan. In an ba ka kakin, me za ka yi da shi?" Yaron ya yi dariya irin ta wasan jika da kaka, ya ce, "Tsoho, ai ranar kowa zai shiga taitayinsa. Duk wanda ya taɓa raina ni sai ya gane kurensa." Tsakar gida ta ɗauki dariya. Baffa kaɗai bai yi ba. Ya dube mu ya ce, "Ku dakata da takardar nan tukuna."

Wannan dakatawa ce ta sa muka kwana muna tunanin abin da ba mu taɓa zama muka auna ba: wane irin mutum ya kamata a miƙa wa makullin ɗakin da aka kulle wasu mutane a ciki, kuma ta yaya ake gane shi tun bai karɓa ba?

Mu Hausawan ƙasar nan muna da tsohon tarihi da kaki, kuma ba dukansa ne mai daɗin tunawa ba. A shekarun 1860 Kyaftin Glover ya haɗa rundunarsa ta Hausawa a Legas, aka kawo wasunsu nan lokacin yaƙin Turawan Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874. Daga nan aka daɗe ana kiran masu ɗamarar Turawa da sunan Hausawa, ko da yake da yawansu 'yan wasu ƙabilun arewa ne da Hausa ta haɗa, har Hausa ta zama harshen bariki. Abin da Bature yake dubawa a lokacin shi ne tsayi, da faɗin ƙirji, da biyayya, da kuma cewa mutum baƙo ne wanda ba shi da dangi a garin da za a tura shi. Mutanen gari kuwa suka sa wa 'yan sandan wancan zamani suna buga-buga. Kalmarmu ce aka ninka, ta zama sunan wanda yake zuwa da kulki. An zaɓi kakanninmu don damtsensu, aka bar wa jikoki sunan da damtsen ya jawo. Har yau, in ɗan siyasa yana neman ƙarti, zango yake fara leƙawa.

Harshenmu kuma ya riga ya faɗi wani abu da ba mu cika lura da shi ba. Yari sarauta ce a masarautun ƙasar Hausa, ta mutumin da aka damƙa wa tsaron ɗaurarru. Da Bahaushe ya tashi sa wa wurin suna, bai kira shi da sunan katanga ko ƙofa ba, sai ya ce gidan Yari. Gida kuwa halin mai shi yake ɗauka. In Yari mai tsoron Allah ne, ɗaurarre ya sha ruwa a kan lokaci. In azzalumi ne, babu dokar da za ta bi shi cikin ɗaki da tsakar dare.

Kada kuma wani ya ɗauka maganar ta 'ya'yan wasu ce. Kwame Nkrumah daga kurkukun James Fort aka fito da shi a watan Fabrairun 1951 ya je ya kafa gwamnati. J. B. Danquah a gidan yarin Nsawam ya rasu a watan Fabrairun 1965, a tsare ba tare da shari'a ba. Mu ma a gidanmu muna da namu a ciki. Ɗan wanmu, sa'an yaron nan da suka yi wasan ƙasa tare, ya wuce wata 14 yana jiran shari'a a wani gidan yari, a kan faɗan da aka yi a tasha aka kwashe duk wanda aka gani. Mu muke kai masa abinci. A layin ziyara muka san ma'aikata biyu. Ɗaya zai buɗe kwanon ya duba tuwon kamar yadda doka ta ce, ya sa ka ɗanɗana, ya rufe, ya tambaye ka ya mutanen gida. Ɗayan zai dagula abincin har ya fita hayyacinsa, yana kallon idonka yana jiran ka yi magana don ya kore ka. Kakinsu ɗaya, albashinsu ɗaya, horon da aka ba su ɗaya. Ranar da na biyun yake bakin ƙofa, matan gidanmu da kuka suke dawowa.

Da daren nan Baffa ya ba mu labarin aikin kamar yadda bai taɓa ba mu ba. Ya ce mutane suna zaton da bindiga ake riƙe gidan yari, alhali wanda yake cikin farfajiya da fursunoni ba ya ɗauke da ita. Ma'aikata 'yan kaɗan ne a tsakiyar ɗaruruwan maza, abin da yake hannunsu makulli ne da usur da harshe. Ka ƙirga mutane da safe, ka ƙirga da rana, ka ƙirga kafin a rufe, in lissafi ya gaza da mutum ɗaya babu mai tafiya gida. Za a zagi uwarka don a ga inda zuciyarka take. Za a tofa maka yawu. Wani zai zo da ladabi ya roƙe ka ka shigo masa da waya ko ƙullin wiwi a kan kuɗin da ya kai rabin albashinka, in ka karɓa sau ɗaya ka zama yaronsa har ka bar aiki. Ya ce akwai daren da ya kwance wani matashi daga igiyar da ya yi da bargo, da safe kuma ya tsaya aka yi ƙirga kamar ba abin da ya faru.

Sannan ya faɗi abin da ya sa muka sunkuyar da kai. Ya ce, "Shekara 10 na farko, ku yaran gidan nan ku kuka sha ragowar fushin da nake kwasowa." Mun tuna. Mun tuna yadda muke watsewa in mun ji ƙarar takalminsa a zaure. Ya ce, "Ni da na shiga da sanyin hali ke nan. To wanda ya shiga da wutarsa fa?"

Duniya ta daɗe da gane wannan. A watan Disamban 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sabunta ƙa'idojinta na kula da fursunoni, guda 122, ta sa musu sunan Nelson Mandela, wanda ya shekara 27 a ɗaure. Ƙa'ida ta 74 ta wajabta a tsanaki wajen zaɓen ma'aikata na kowane mataki, domin tafiyar gidan yari ta rataya ne a kan amanarsu, da tausayinsu, da ƙwarewarsu, da dacewar halinsu da aikin. Ƙa'ida ta 82 ta taƙaita amfani da ƙarfi ga kare kai, da hana gudu, da bijirewa umarnin da yake bisa doka, kuma ko a nan ba a wuce gwargwadon buƙata. A ƙasar Norway shekara 2 ake horar da gandiroba kafin a sakar masa aiki. Kundin tsarin mulkinmu na 1992 ma, a sashe na 15, ya ce mutuncin kowane mutum ba abin taɓawa ba ne, bai kuma cire wanda aka kama ko aka ɗaure ba.

To ta yaya ake auna zuciya? Tsayi da magwaji ake auna shi, jini a kai shi ɗakin gwaji, takarda a tambayi hukumar jarrabawa. Inda ake yin gwajin hali da gaske, kamar jihohi da dama na Amurka, ba da abu ɗaya ake dogara ba. Akwai gwajin rubutu, wanda mafi shahararsa shi ne MMPI da aka fara fitarwa a Jami'ar Minnesota a 1943. Zubinsa na 1989 yana da jimloli 567, kowace mutum ya ce gaskiya ce game da shi ko ba gaskiya ba. A cikinsu an cusa waɗanda suke kama mai son nuna kansa waliyyi: ƙananan laifuffukan da kusan kowa yake yi, wanda ya musanta su duka an san yana ado ne. Bayan rubutu sai zama ido da ido da masanin halayyar ɗan'adam, ya bi tarihin mutum: yadda ya bar ayyukan da ya yi a baya, bashin da ke kansa, abin da yake sha, faɗan da ya taɓa yi da yadda yake ba da labarinsa. Wanda a kowane labari wani ne mai laifi, ya faɗi abu mai yawa game da kansa. Akan kuma kawo masa misali daga aikin, a ce fursuna ya ƙi komawa ɗaki yana zagi a gaban mutum 50, me za ka fara yi? Sannan a tambayi waɗanda suka zauna da shi, a kuma ci gaba da lura da shi a watannin horo. Abin da ake nema ya wuce ciwon hauka. Ana neman a san ko mutum yana iya riƙe kansa in an taɓa shi, ko yana iya cewa a'a ga kuɗi, ko yana ganin mutum a jikin wanda ya yi laifi, da kuma dalilin da ya sa yake son aikin tun farko.

Wannan na ƙarshe ya fi tsaya mana a rai saboda wani bincike. A watan Agustan 1971, a Jami'ar Stanford, Philip Zimbardo ya mayar da ɗakunan ƙarƙashin ginin sashensu gidan yarin wasa. Ya zaɓi ɗalibai 24 da aka tantance aka ce lafiyarsu ƙalau, aka yi ƙuri'a, wasu suka zama masu tsaro, wasu fursunoni. Mako 2 aka shirya, amma a kwana na 6 aka dakatar saboda wulaƙancin da masu tsaron suka shiga yi. Shekaru da yawa ana kafa hujja da wannan cewa wuri ne yake lalata mutum, ko wane ne shi. Daga baya faifan muryoyi da takardun gwajin suka nuna an riƙa zuga masu tsaron su tsananta, kuma ba dukansu ne suka yi zalunci ba. A wani bincike da aka wallafa a 2007, wasu masana biyu, Carnahan da McFarland, sun buga talla iri biyu ta neman masu shiga bincike. Kalmominsu ɗaya, sai dai ɗaya ta ambaci rayuwar gidan yari, ɗayar ba ta ambata ba. Waɗanda suka amsa mai maganar gidan yari, da aka auna su, sun fi sauran son faɗa da son mulki da ganin kansu sama da mutane, sun kuma gaza su tausayi. Ashe makulli da kansa yana kiran wasu irin mutane. In hukuma ba ta tace ba, ba za ta samu jama'a gauraye kamar yadda suke a kasuwa ba, za ta samu masu ƙishin iko sun fi yawa a layi. Da muka karanta wannan, amsar da yaron ya ba Baffa ta daina ba mu dariya.

Duk da haka, ba za mu ɓoye tsoronmu game da irin wannan gwaji ba, domin mu ne zai fara shafa. A wurinmu, da an ce an kai mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa, an gama sa masa suna. Saurayin da aka ce ya faɗi gwajin hali, kafin magariba labari ya zaga wuraren shan ataya cewa ya taɓu, kuma maganar aurensa ta shiga ruwa. Saboda haka sakamakon dole ya zama sirri tsakanin mai nema da mai gwaji, a kuma bayyana wa jama'a cewa rashin dacewa da aiki ɗaya ba ciwo ba ne. Haka nan wanda ya taɓa shiga damuwa ya nemi magani ya warke, bai kamata a rufe masa ƙofa don wannan kaɗai ba. In aka yi haka, an koya wa kowa ya ɓoye, kuma mai ɓoyewa ya fi mai magani haɗari.

Akwai kuma maganar harshe da al'ada. Gwajin da aka rubuta da Turanci aka daidaita shi a kan Amurkawa ba a ɗauko shi ɗungurungum a ɗora wa ɗan Aboabo. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya haɗa ido da babba, baƙon mai gwaji zai iya rubuta cewa yana ɓoye wani abu. Wanda ya ce ya yarda akwai aljanu, ko ya ce kakarsa da ta rasu ta zo masa a mafarki, abin da kowa a gidansu ya yarda da shi ya faɗa, amma a takardar da ba ta san mu ba zai iya fitowa a matsayin alamar ruɗewa. Ƙasar nan tana da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, tana da majalisar da take yi wa masana halayyar ɗan'adam rajista, amma masanan ba su da yawa, masu jin Hausa a cikinsu kuwa sun fi ƙaranci. Ga aiki ga 'ya'yanmu da suke jami'a.

Tsoro mafi girma shi ne kada gwajin ya zama sabuwar ƙofar da za a riƙa tsayar da mai suna irin namu. Iyayenmu ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 ba, mu ma mun san yadda ake tsare mu da tambayar asalin garinmu alhali a Kumasi aka binne cibiyar kakanmu. Tsayi ba ya karɓar son rai, kowa yana ganin magwaji. Hukuncin hali kuwa a cikin kan mutum ɗaya yake, in ba a ɗaure shi da ƙa'ida ba. Don haka muke cewa tambayoyi su zama iri ɗaya ga kowa, a rubuta dalilin kowane hukunci, wanda aka ƙi kuma ya samu damar wani masani na biyu ya sake duba shi. Mun san ana duba takardu, ana auna jiki, ana jarrabawar basira, ana gwajin asibiti, ana binciken ko mutum ya taɓa laifi. Roƙonmu shi ne a ba awon zuciya nauyin da ake ba awon tsayi, kuma kada a bar wata ƙofa a gefe da za a riƙa zagaye shi. A nan ne muka ga namu laifin ƙarara. Ba ma iya kuka da azzalumin ma'aikaci a layin ziyara, sannan washegari mu ɗauki yaron da muka san halinsa mu kai shi ta furotokol. Shi ma wancan azzalumin, wataƙila kawunnansa ne suka sa masa hannu.

Baffa ya ƙara mana da wani gargaɗi, cewa kada mu ɗauka tacewa a bakin ƙofa ta wadatar. Gidan yarin Nsawam, da aka buɗe a 1960 don mutanen da ba su kai 1,000 ba, ya sha ɗaukar fiye da 3,000. Fiye da shekara 10 kuɗin abincin fursuna na yini guda yana sidi 1 da fesuwa 80, kafin a ɗaga shi zuwa sidi 5 a 2025. Tun 2007 alƙalai suke shiga gidajen yari a ƙarƙashin shirin Justice for All don rage waɗanda suka daɗe suna jiran shari'a, amma har yanzu namu yana ciki. Ka ɗauki mutum mafi haƙuri ka sa shi tsakiyar yunwa da cunkoso da zafi shekara da shekaru, ba wanda yake tambayarsa me ya gani jiya da dare, to ko dutse ne sai ya tsage. Wanda aka auna ranar shiga yana buƙatar a sake zama da shi bayan kowane mummunan abu, ya samu wanda zai faɗa wa damuwarsa ba tare da an ce ya yi rauni ba. Baffa bai samu wannan ba. Mu muka biya.

Bayan kwana 3 muka je gidan Yaya. Muka ce mata ba za mu je wurin babban mutumin ba, takarda kuma in mun rubuta, abin da muka sani za mu rubuta, alherinsa da zuciyarsa duka. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Waɗanda ake ɗauka mala'iku ne? 'Ya'yan wasu da suka fi shi zafin kai suna can da kakinsu, sai nawa ne za ku yi wa wa'azi? Ni na goya ku fa." Ba mu da cikakkiyar amsa, domin gaskiya ta faɗa. Ƙin sa hannunmu ba zai gyara layin ba, wataƙila ma wanda ya fi shi muni ne zai samu gurbin. Ɗayanmu ya tuna mata cewa Abu Zarri, duk da matsayinsa a cikin sahabbai, ya nemi a ba shi shugabanci aka hana shi, aka gaya masa amana ce da ba zai iya ɗauka ba, kuma wannan bai rage masa daraja ba. Ta ce mu ajiye malantarmu. Abin da muka iya faɗa mata kawai shi ne, in ya kashe ɗan wani a cikin ɗaki, ko wani ya kashe shi don ya tsokano abin da ya fi ƙarfinsa, hannunmu yana kan takardar. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ba ka kuma tura shi cikin wuta don kana son sa.

Baffa ne ya kawo mafita, in mafita ce. Ya ce yaron ya cika fom ɗinsa ta ƙofar gaba kamar kowa, shi zai biya rabin kuɗin. Amma daga yau shi zai riƙa kai wa ɗan'uwansa abinci duk ranar ziyara, ya bi layi, ya buɗe kwano, ya ɗanɗana, ya yi shiru. Kuma ya je asibiti ya zauna da mai ba da shawara a kan fushin nan, ba tare da kowa a unguwa ya sani ba. Yaron ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ya buga ƙofa ya fita. Mako 2 bai taka gidan ba. A na uku sai ga shi da sassafe, ya ɗauki kwanon bai ce wa kowa komai ba. Asibitin har yanzu bai je ba.

Ziyararsa ta huɗu ta faɗo ranar mai dagula abinci. Ya dawo idonsa jajir, ya zauna kusa da Baffa ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "Tsoho, in fursuna ya tofa maka yawu, me kake yi?" Baffa ya ce, "Ka goge, ka kira na sama da kai, ka rubuta a littafi. Hannunka yana bayanka." Ya ce, "In ba zan iya ba fa?" Baffa ya ce, "To sai ka nemi aikin kashe gobara, abokina. Can in ka huce a kan wuta, lada za ka samu." Yaron ya yi dariya, amma ba irin ta ranar farko ba.

Har yau ba a kira su tantancewa ba, takardar kuma ba mu rubuta ba. Yaya tana amsa gaisuwarmu a taƙaice, ranar Juma'a ma ba ta aiko mana da tuwon da ta saba ba. Mun san a zangunan ƙasar nan akwai gidaje da yawa da ake irin wannan zama a wannan wata, akwai kawunnai da malamai da limamai da aka kawo wa takarda su sa hannu. Kafin ku sa, ku kira yaron ku tambaye shi me zai yi da kakin, ku kuma saurari amsar da kyau ko da cikin wasa ya ba da ita. Allah ya ba 'ya'yanmu abin yi na halal, ya fito da namu da naku da suke ciki.